Mutumin da Ake Kira Layi Tara

Idan aka tambaye shi abin da ya yi a duniya, yakan ce ya haifi 'ya'ya uku, ya karya kujerun ofis biyu da nauyinsa, sannan ya rubuta layi tara. Na ƙarshen nan ne ya bi shi har ya zame masa suna. A wurin aiki Layi Tara ake ce masa, yaran unguwa ma sun ɗauka, ko da yake su a zatonsu sunan wata hanyar motar haya ne da ya taɓa yi wa kwandasta.

Sana'arsa rubuta manhajar kwamfuta. In ji shi, ba wata baiwa ce ta kai shi ba. A kwalejin da ya yi, ɗakin kwamfuta ne kaɗai ke da na'urar sanyaya iska, sai ya shiga shan sanyi ya fito da takardar shaida. Mahaifiyarsa har ta bar duniya tana gaya wa ƙawayenta cewa ɗanta gyaran waya yake yi. Bai taɓa samun bakin musa mata ba, domin duk ranar da ya je gaishe ta sai ya tarar da wayoyin maƙwabta a jere a kan tebur suna jiransa, kuma yakan gyara su.

Ofishinsu yana saman wani shagon sayar da tayoyi, sai ka bi ta matattakala mai warin roba kafin ka isa. Ɗaki ne guda dogo, da tebura shida, da fanka mai kuka, da butar shayi ta lantarki wadda sai an danne murfinta da littafi take tafasa. Aikin kamfanin yi wa ƙananan otal-otal manhajar kula da ɗakuna. Manaja na zama a ƙurya kusa da taga. Kusa da Layi Tara kuwa akwai abokin aikinsa Dogo, mutumin da ba ya yabon komai sai ya haɗa da zagi.

A cikin manhajar tasu, kowane ɗakin otal abu ne mai zaman kansa, da lambarsa da ayyukan da ya iya. A ce masa kulle, ya kulle. A ce masa kashe fitila, ya kashe. A tambaye shi ko akwai baƙo a ciki, ya faɗa. Sai dai ɗakunan a jere suke zuwa, birjik, kuma duk lokacin da ake son dukkansu su yi abu guda, dole mai rubutu ya zauna ya tsara zagaye: fara daga na farko, ɗauko shi, ba shi umarni, ajiye amsarsa, matsa gaba, duba ko an kai ƙarshe. A wancan lokacin yaren kwamfutar da suke aiki da shi ba shi da gajeriyar hanyar yin haka. Rubutun ba shi da wuya, gundura ce kawai, kuma cikin gundurar ne mutum ke tsallake ɗakin ƙarshe ko ya ƙirga na farko sau biyu.

Shi kuwa a shekarun nan ba ya kallon kansa a matsayin mai kashe fitilun otal. Yana da abin da yake kira Babban Aiki, wata manhaja da za ta tsara zirga-zirgar motocin hayar gari baki ɗaya, ta yadda ba wanda zai ƙara tsayuwa a rana yana jiran mota. Duk ƙarshen mako a kanta yake ƙarewa, a teburin cin abinci, matarsa na ture kwamfutar da gwiwar hannu idan za ta ajiye kwano. Ya zana taswirori ya manna a bango, yara suka bi motocin da fensir suka yi musu ƙafafu da kunnuwa. Har ya tsara a ransa abin da zai faɗa wa 'yan jarida, da irin murmushin da zai yi, na mutumin da bai damu da suna ba.

Wata rana ya zo ofis da yatsu biyu naɗe da bandeji. Ya matse su ne a ƙofar mota yana cikin nuna wa babban ɗansa yadda ake rufe ƙofa a hankali. A ranar kuma Manaja ya ajiye masa aikin da ke buƙatar irin zagayen nan a wurare da dama. Ya buga na farko da hannu ɗaya, ya buga na biyu, ya dubi abin da ya rage, sai ya ji ba zai iya ba. Ya buɗe sabon shafi ya rubuta wani ɗan guntun abu. Ka miƙa masa jerin abubuwa, ka faɗa masa sunan aikin, shi kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya sa kowannensu ya yi, ya tattaro maka amsoshin yadda suka zo a jere. Ya sa masa suna Kowanne. Da ya ƙirga, layi tara ne, ɗaya daga ciki ma fanko ne, don kyan gani ya bar shi.

Dogo ya leƙo ta kafaɗarsa ya karanta.

"Wannan ai lalaci ne," in ji shi. "Amma lalaci ne mai tsafta. Turo min."

Dogon ne kuma ya matsa masa ya ɗora shi a intanet, a wurin da masu sana'ar ke ajiye irin waɗannan ƙananan kayan aiki kyauta don kowa ya ɗauka. Laburare suke kiransu, ko da yake ba littafi ko ɗaya a ciki. Ya ɗora don a bar shi ya sha shayi, ya manta da shi.

Babban Aiki ma ya ɗora shi daga baya, da dogon bayani da hotuna. Mutum uku suka sauke. Shi ɗaya, Dogo ɗaya, na ukun kuma ya rubuto yana ba da haƙuri, wai ya ɗauka wasan tseren mota ne.

Kowanne kuwa sai ya kama tafiya ba tare da ya yi sallama da mai shi ba. Wani ya sa shi a aikinsa, wani ya ɗauki aikin wancan ya sa a nasa, haka har abin ya fi ƙarfin ƙirga. Saƙonni suka fara shigowa daga mutanen da bai san ko a ina suke ba. Wani ya gode, wani ya tambayi ko sunan gajarta wasu kalmomi ne, wani ya zage shi tas saboda bai amsa tambayarsa da wuri ba, kamar yana biyansa albashi. Akwai wanda ya rubuto doguwar wasiƙa a kan layin nan na fanko, yana cewa ya fahimci hikimar da ke ciki.

Ranar da ya ga yawan masu saukewa ya wuce yawan mutanen unguwarsu, ya biya ta shagon matarsa. Tela ce, tana da kekuna uku da 'yan koyo mata. Ya same ta da allura a baki tana auna wuyan riga.

"Maman yara, yau mijinki ya shiga duniya."

Ta cire allurar. "Da a ina yake?"

Ya nuna mata wayar. Ta ce ya yi mata bayani da bakin mutane. Ya duba ya ga riguna rataye a jere a kan igiya, ya ce, "Kin ga waɗannan? A ce kowacce tana buƙatar maɓalli. Maimakon ki ɗauko ta farko ki ce a sa mata, ki ɗauko ta biyu ki ce a sa mata, sai ki faɗa sau ɗaya, a bi su duka."

Ta jira ya ci gaba. Bai ci gaba ba.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Baban yara, ai haka nake yi kullum. Ko ba haka ba?" Ta juya ga 'yan koyon, suka sunkuyar da kai suna danne dariya. "To Allah ya sa albarka. Tunda ka zo, riƙe min ƙarshen yadin nan."

Ya riƙe. Yakan ce a tsayen nan, da yadi a hannu, ya yanke shawarar da ta fi kowacce wauta a rayuwarsa. Tunda an raina layi tara, zai mayar da su abin da ba mai iya rainawa.

Ya ajiye Babban Aiki gefe ya duƙufa. Ya ƙara wa Kowanne zaɓuɓɓuka, ya koya masa tsallake abin da ya ƙi amsawa, ya koya masa bin jeri daga ƙarshe zuwa farko, abin da ba wanda ya taɓa roƙa. Abin da ya fi alfahari da shi, ya sa maimakon bin abubuwa ɗaya bayan ɗaya, yanzu zai ba su umarnin gaba ɗaya a lokaci guda, don sauri. Layi tara suka zama ɗaruruwa. Dogo ya duba ya ce, "Ka ɗauki cokali ka sa masa injin." Shi kuwa ya ɗauki maganar a matsayin hassada, ya saki sabon Kowanne, ya tafi gida yana tafiyar manya.

Washegari da safe ya buɗe akwatin saƙonninsa ya tarar ya cika. Masu zagi sun yi zagi, wannan bai dame shi sosai ba, ya saba. Wanda ya tsaya masa a rai saƙon wata mata ce mai lambun furanni da dashen kayan miya. A wani yare ta rubuto, sai da ya sa na'ura ta fassara masa. Ashe manhajar da ke ba shukokinta ruwa da Kowanne take aiki. Famfunan a jere suke, na farko ya buɗe ya rufe, na biyu ya karɓa. Sabon Kowanne ya buɗe su duka a tare. Tankin ya ƙare kafin ta gama karin kumallo, bututu biyu suka fashe. Ta haɗo da hoto, tana tsaye cikin ruwa har idon sawu, tukwanen shuka na yawo a gefenta. Ba ta zage shi ba. Fassarar na'urar ta fito haka: "Ɗanka mai hankali ne tun da na san shi. Ban san abin da ka ba shi ya ci ba. Don Allah ka dawo min da shi yadda yake."

Ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya tashi ya je teburin Manaja ya ce yana neman izinin rabin yini don gyara wata ɓarna ta kansa.

"Ka duba namu ma," in ji Manaja ba tare da ya ɗago ba. "Wani otal ya bugo, wai fitilunsu duka sun yi walƙiya sun mutu."

Kafin azahar ya goge ɗaruruwan layukan nan ya mayar da tara na asali, har da na fankon. Ya rubuta wa matar amsa ya ba ta haƙuri, ya tambaye ta ko akwai abin da zai iya yi. Ta ce babu, shukokin ma sun ji daɗi, ita ce dai ta yi mura. Bayan wani lokaci ta turo masa hoton tumatir ja jawur a cikin kwando. Ya nuna wa matarsa, ta ce ita ma da tumatir ɗin aka aiko da ya fi.

Tun daga nan bai ƙara taɓa Kowanne ba. Abin mamaki, rashin taɓawar ne ya ƙara masa daraja. Aka fara ba da misali da shi, wai ga mutumin da ya san inda ake tsayawa. Har aka gayyace shi ya yi jawabi a wani taron masu rubuta manhaja, aka ware masa sa'a guda. Ya sayi kwat, matarsa ta rage masa hannuwa tana cewa wanda aka ɗinka kwat ɗin dominsa ya fi shi tsawon buri.

Zauren ya cika da matasa, kowa da kwamfuta a cinya. Ya hau dandamali, majigi ya haska layi taransa a bango, kowane harafi ya kai girman kansa. Ya karanta su, ya yi bayaninsu, ya koma ya sake bayaninsu ta wata hanyar. Ya ɗaga kai ya dubi agogon bango, ya ga kamar an ɗaure masa hannu. Gumi ya fara bin bayan kwat. Sai zuciyarsa ta ce masa ai ga ranar da ka daɗe kana jira.

"Bari in nuna muku ainihin aikina," ya ce.

Ya buɗe Babban Aiki. Taswira ta fito, ga ƙananan motoci a tashoshinsu, abin gwanin kyau. Ya danna maɓallin farawa. Motocin suka tashi daga kowace kusurwa, suka bi tituna cikin natsuwa, suka taru duka a mararraba guda a tsakiyar gari, suka tsaya cak. Ba wadda ta ƙara motsi. Sai wani daga baya ya fashe da dariya, sauran suka bi, aka kama tafi. Sun ɗauka da gangan ya shirya, don ya nuna musu abin da ke faruwa idan aiki ya cika girma. Ya tsaya yana kallonsu, ya ga ba riba a faɗin gaskiya a wannan wurin, sai ya ɗan rusuna.

Da aka zo tambayoyi wata matashiya ta miƙe. "Yallaɓai, shekaru ke nan ba ka ƙara ko harafi a Kowanne ba. Ina ka samo wannan haƙurin?"

"Ki tambayi mai lambu," ya ce.

Ya ga mutane da yawa sun sunkuya suna rubuta amsar. Daga baya ya ci karo da ita a intanet, an ɗora ta a kan hoton wata bishiya. Babban Aiki kuma bai sake buɗe shi ba. Taswirorin bangon matarsa ta cire su lokacin da aka yi fenti, ta yanke wasu ta yi samfurin hannun riga da su.

Shekaru suka ja. Masu kula da yaren kwamfutar suka fitar da sabon salo, a cikinsa kuma suka sa wata gajeriyar hanya da ke yin aikin Kowanne a rabin layi, ba sai an sauke komai ba. Dogo ne ya kawo masa labari, da fuskar mai zuwa ta'aziyya amma idonsa na dariya. Layi Tara ya gwada sabuwar hanyar, ya ga ta yi kyau, ta ma fi tasa. Ya hau shafin Kowanne ya rubuta a sama cewa yanzu ba a buƙatar wannan, kowa ya koma ga na cikin yaren. Ya yi zaton za a roƙe shi ya janye maganar. Wani ya sa masa alamar babban yatsa, shi ke nan. Saƙonni suka ragu, suka ragu, har akwatin ya koma na tallar takalma. Ya sha faɗa wa mutane cewa ya huta, kuma gaskiya ne, sai dai ya kama kansa yana leƙa akwatin fiye da da.

A cikin 'ya'yansa, Auta ce ta bi sana'arsa, duk da ya yi iya ƙoƙarinsa ya tura ta aikin likitan haƙori. Ta samu aiki a wani babban kamfani mai lif da katin shiga. Shi kuma ya yi ritaya, gwiwa ta fara ƙin matattakalar nan mai warin roba. Wata rana da hantsi ta kira shi.

"Baba, ina kwana. Kana zaune?"

"Yanzu ai zama ne aikina. Lafiya?"

"Lafiya lau. An ba ni wani aiki ne a ofis. Za mu share tsofaffin kaya daga manhajarmu." Ta sassauta murya. "Baba, kai aka ce in cire."

"Sun san 'yata ce ke?"

"Ba su sani ba. Shugabana ya ce wani tsohon tarkace ne da ba a san wanda ya kawo shi ba."

Ya yi dariya har ya sarƙe. Ya ce ta zo da kwamfutar gida ranar hutu, ba wanda zai cire shi a bayan idonsa.

Ta zo. Suka zauna a falo, ita da kwamfuta, shi da tabarau a kan hanci yana leƙe. Kowanne ya shiga manhajar kamfanin nan lungu-lungu, a wurare da yawa fiye da yadda ta zata. Tana nemowa tana maye gurbinsa da rabin layin nan, shi kuma yana nuna mata inda za ta yi hattara, musamman inda jeri zai iya zuwa da gurbi fanko a tsakiya. Sau biyu ya gano wurin da ta tsallake, sau biyun kuma sai da ya kira matarsa daga kicin ta zo ta shaida. A na biyun ta zo da ludayi a hannu ta ce, "Kai kaɗai na sani da ke murnar an kore shi da kyau."

Da suka gama, Auta ta sa manhajar ta gwada kanta. Komai ya fito kore, ba kuskure ko ɗaya. Ya lura ta ɗan karkatar da allon daga gabansa.

"Mene ne?"

"Ba komai, Baba."

"Ya fi sauri, ko?"

"Kaɗan."

"Kaɗan nawa?"

Ta ciji leɓe. "Ninki biyu."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya ce mata ta tura wa shugabanta, kuma kada ta kuskura ta rage adadin don kunyarsa. Da yamma shi da kansa ya kira Dogo ya ba shi labari, don ya san in ya bari Dogo ya ji a wani wurin, ƙari zai yi.

Yanzu yana koyar da manya kwamfuta a wani ɗan ɗaki bayan kantin littattafai, sau biyu a mako. Ɗalibansa masu shaguna ne da 'yan fansho, abin da suke so su iya tura hoton jika ba tare da ya tafi wurin mai gidan haya ba. Ba wanda ya san Kowanne a cikinsu, shi ma bai cika tayar da zancen ba sai an yi kuskuren tambayarsa asalin sunansa, sannan darasin ranar ya tafi.

Kwanan baya saƙo ya shigo bayan dogon shiru. Wani ne da ya gaji wata tsohuwar manhaja a wurin aikinsa, ya tono layi taran a cikinta, yana tambaya cikin ladabi ko wanda ya rubuta wannan yana raye. Layi Tara ya karanta wa matarsa. Ya fara rubuta doguwar amsa mai tarihi, tun daga bandeji, ta leƙa ta ce bawan Allah tambaya ɗaya ya yi. Ya goge duka, ya rubuta, "Yana raye, yana gaishe ka. Me ya lalace?"